Wa Ke Ƙirga Kifin Gulbin Rima?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na bi hanyar jami'a a nan Sakkwato da sassafe, na tsaya Kwalkwalawa in sayi kifin miya kamar yadda na saba duk sanda na samu kaina ta wajen. Abin da na tarar a tire wallahi har yanzu yana min yawo a rai. Karfasa ce 'yan mitsi-mitsi, wasu ko faɗin yatsu uku ba su kai ba, sai 'yan ƙurungu, da tarwaɗa guda huɗu ko biyar waɗanda da a ce shekara ashirin baya ne masunci zai ji kunyar aza su gaban mutane. Na ce wa dattijon da ke zaune gefen jirginsa yana ɗinkin koma, Baba ina manyan suke? Bai ko ɗago kai ba ya ce "ɗana, manya sun tahi, abin da ruwa yab ba mu ke nan." Na saya dai tunda na riga na tsaya, amma ina tafe ina tunanin kifin nan da ke cikin ledata ko sau ɗaya bai taɓa zuba ƙwai ba aka kama shi, ke nan na baɗi muke ci bana.

Dangin mahaifiyata masunta ne ta wajen Silame, don haka maganar kifi ba a littafi na fara jin ta ba. Kawuna, wanda yanzu ya tsufa ya bar shiga ruwa, in ya fara ba ka labarin giwan ruwan da sai mutum biyu sun rataya ta a sanda, da yauni mai tsawon mutum, da bargi da ragon ruwa da tsage, sai ka ɗauka wani gulbi yake nufi ba wannan da muka sani ba. In ka tambaye shi me ya cinye kifin zai ce dam. Maƙwabcinsa zai ce a'a, gidan sauro ne da yara ke jan ruwa da shi suna kwashe har 'ya'yan da ba su gama buɗe ido ba. Wani ya ce masu zuba gubar gamalin a ruwa ne, wani ya ce yashi ne ya cike gurabe, wani ya ce maganin feshin masu noman rani ne ke gangarowa. Kowa da tasa, kuma ina ganin kowa na da ɗan rabonsa na gaskiya. Amma a duk zaman da na yi da su ban taɓa ganin wanda ya fito da takarda ya ce ga yawan kifin da aka fitar a wannan mashaya a shekara kaza, ga na bana, ga irin da ya ragu, ga watan da ya fara raguwa ba. To ta yaya za ka yi maganin ciwon da ba ka auna ba?

Wannan awon shi ne aikin sassan nazarin kifi da namun daji a jami'o'inmu, kuma shi ne aikin da muka fi rainawa. Kowa ya san yadda ake yi wa yaron da ya nemi likitanci aka ba shi fishari, wato nazarin kifi, ko gandun daji, har jaje ake yi wa iyayensa, abokai kuma su riƙa ce masa zai yi shekara biyar don ya koyi abin da ɗan Sarkawa ya iya tun yana goye. Na kuma san hujjar masu cewa kuɗin gwamnati ba na kashewa a kan kifi da tsuntsaye ba ne yanzu, ga yara na karatu a ƙasa, ga asibitin ƙauye babu ko allurar maciji, ga mutanen gabashin jihar nan ba sa barci da ido biyu saboda 'yan bindiga. Ban raina wannan maganar ba, ni ma ina da 'yan uwa a can. Sai dai ina ganin masu yin ta sun ɗauka binciken kifi wani abin ƙawa ne na 'yan boko, alhali magana ce ta tukunya.

Gwamnatin tarayya da bakinta ta sha faɗa cewa Najeriya na bukatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuma bai wuce tan miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Shi ya sa za ka shiga kasuwa a Sakkwato, garin da gulbi biyu suka haɗu a gefensa, ka tarar kifin da ya fi yawa shi ne na ƙanƙara da ake kawowa cikin kwali daga tekun wasu ƙasashe, an sayo shi da dala, ya sauka Legas, ya hau tirela ya yi kwana da kwanaki kafin ya iso mana. Duk sanda dala ta motsa sai miyar talaka ta motsa. Ga gidajen da nama sai da sallah, ɗan busasshen kifin nan da ake marmasawa a miyar kuka shi ne abin gina jikin da yaro ke samu, to wanda ya ce a bar maganar kifi a yi maganar tamowa, ai magana ɗaya yake raba wa biyu.

Mu a wannan yanki ma mun riga mun ɗanɗana abin da rashin bincike kan jawo. An kammala dam ɗin Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, kowa kuma ya san arangamar da aka yi tsakanin manoman wurin da 'yan sanda a kan gonakinsu a 1980, aka rasa rayuka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya sami mutanen da ke ƙasa da dam ɗin. Bayan an gama gini ne masu bincike suka bi ƙauyukan fadama suka tarar ambaliyar da ke shayar da fadamar duk shekara ta ragu, inda ake shinkafa an koma gero da dawa, noman rani ya ja baya, kifi ya yi ƙasa har masunta da dama suka riƙa tafiya ci-rani wasu ruwaye. Dalilin kuwa duk tsohon masunci ya san shi ko bai san sunansa da Turanci ba: yawancin kifinmu da ruwan damina yake haihuwa, in gulbi ya cika ya malala fadama sai kifi ya bi shi ya shiga cikin ciyawa ya zuba ƙwai, 'ya'yan su yi girma a wurin inda abinci ke da yawa kuma manyan kifi ba sa iya cim masu, in ruwa ya fara janyewa su dawo gulbi da tafkuna. Ka tare wannan ambaliyar, ko ka sake ta a watan da ba nata ba, ka yanke haihuwar shekara guda cur. Da an sa masana sun yi shekara biyar suna auna ruwan da kifinsa kafin a zuba kankare, da an san ruwa nawa ya kamata a riƙa saki da kuma yaushe.

Kuma tambayar ba ta mutu ba, tana nan a kan dam ɗin Goronyo mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. A watan Satumba na 2010 mun ga ambaliyar da ta cinye ƙauyuka ta yanke hanyar jami'a har sai da jirgin ruwa ake ƙetarawa, a 2018 kuma muka ji ruwan dam ɗin ya ja baya ya koma wajen kashi 10 cikin 100 har hankalin gari ya tashi kan ruwan sha. Tsakanin waɗannan biyun akwai tambayoyi masu yawa da injiniya shi kaɗai ba zai amsa ba. Shi injiniya ruwan famfo da na noman rani yake lissafi, kuma aikinsa ke nan. Wa zai zauna a teburin ya ce in an saki kaza a watan Agusta tarwaɗa da karfasa za su samu hawa fadama, in an rufe a wata kaza tafkunan ƙasa za su ƙafe da 'ya'yan kifi a ciki? Sai wanda ya yi shekaru yana awo. Ga kuma tsargiya da ke addabar yaran bakin dam da magudanan noman rani, wadda ƙwayar cutarta a jikin dodon koɗi take rayuwa kafin ta shiga mutum, shi ma sanin inda koɗin yake yawa da lokacin da yake yawa aikin masu nazarin halittun ruwa ne.

To a nan ne nake ganin tsarin ba da kuɗinmu ya saɓa da irin aikin. Binciken ruwa da daji ba kamar ginin aji ba ne da za a ba da kwangila a gama a yanke kirtani. Kuɗinsa ba shi da yawa amma ba ya son yankewa. Ƙirgar shekara ɗaya ba ta gaya maka komai, don wataƙila shekarar fari ce ko ta ambaliya, sai ka haɗa shekara goma, sha biyar, sannan za ka ga inda abin ya dosa. In kuma aka tsallake damina ɗaya ba a fita ba, ta tafi ke nan, ko nawa aka saki daga baya ba za a koma a auna ta ba. A 2020 jami'o'in gwamnati sun yi wajen wata tara a rufe, a 2022 kuma wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, wato damina guda sukutum. Ana lissafin asarar da ɗalibai suka yi, kuma asara ce babba, amma ban ji wanda ya lissafa gwaje-gwajen da suka lalace da ƙirgar da ta yanke ba.

Na ga abin nan da idona a gidanmu. Ƙanwata ta karanta fannin kifi a wata jami'a a nan Arewa, ba sai na kama suna ba, kuma aikinta na ƙarshe a kan abincin tarwaɗa ne, tana gwada ko za a iya rage garin kifin da ake sa wa a abincin a maye shi da ƙuli-ƙuli da garin ganyen zogale. Tambaya ce mai kyau ƙwarai, don duk mai kiwon kifi zai gaya maka abinci ke cinye wajen kashi 60 zuwa 70 na kuɗin da yake kashewa, kuma shi ne ke korar matasa daga sana'ar. Robobi goma sha biyu ta jera, kowace da 'ya'yan kifi goma, duk sati ta kamo su ɗaya bayan ɗaya da ɗan rariya ta aza a sikeli ta auna tsawonsu ta rubuta. Robobin mu muka saya, 'ya'yan kifin mu muka saya, sikelin aro ta yi wurin wata mai sayar da gwal, awon sinadarin abincin kuma sai da aka aika wani gari aka biya. A sati na bakwai aka yi kwana uku babu wuta babu ruwa a famfo, ga zafin watan Afrilu, ta riƙa sayen ruwa wurin 'yan garuwa tana canzawa da hannu, duk da haka wata safiya ta tarar da roba huɗu kifin ya taso sama ciki a waje. Ta kira ni tana kuka, "Yaya aikina ya lalace." Abin da zai ceci aikin nan bai wuce sola ƙarama da tanki ɗaya ba. Malaminta mutumin kirki ne, daga aljihunsa ya ƙara mata kuɗin sake sayen wasu, shi ma kuma nasa binciken da albashinsa yake yi. Haka ake fitar da ɗaruruwan ɗalibai duk shekara, kowa ya yi ɗan abin da aljihun babansa zai iya, sati takwas ko goma sha biyu, a ɗaure takarda a aza a kanta.

Ba wai babu kuɗin bincike gaba ɗaya ba. TETFund na nan, asusun da ya samo asali daga harajin ilimi na 1993 aka sake masa doka a 2011, aka riƙa cire wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu har ya kai kashi 3 a 2023, kuma gaskiya in ba don shi ba da jami'o'inmu da yawa sun zama kufai, duk wadda ka shiga za ka ga gine-gine da sunansa a jiki. Yana kuma ba da tallafin bincike. Amma irin tallafin nan na shekara ɗaya ne ko biyu, a yi gasa a ci, a rubuta rahoto a rufe fayil, wanda ya dace da wasu fannonin amma bai dace da mai son bin gulbi ɗaya na shekara ashirin ba. Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa a kan bincike, mu ko rabin haka ba mu kai ba, ɗan abin da ake samu kuma in aka zo rabo mai nazarin kifi da tsuntsu ne a ƙarshen layi.

A Amurka akwai wani tsari da ya burge ni, ba don komai nasu ya dace da mu ba. Tun 1937 suka yi doka cewa harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsashi a ware shi don kula da namun daji, a 1950 suka yi irinta a kan kayan kamun kifi, tun 1935 kuma suka fara kafa rukunin bincike a cikin jami'o'i inda gwamnatin tarayya da ta jiha da jami'a ke haɗa hannu, jiha ta kawo matsalarta, malamai da ɗalibai su yi aikin. Abin da na ɗauka a ciki shi ne kuɗin na da hanyarsa ta kansa, ba sai an je roƙo duk shekara ba. Mu a nan ba zan taɓa goyon bayan a aza wa masunci mai jirgi ɗaya da koma ɗaya sabon haraji ba, wanda yake kai ma ya ishe shi. Amma masu shigo da kifin ƙanƙara da jiragen ruwa fa? Masu tifofin da ke kwasar yashi a gulbi dare da rana fa? Ɗan abu kaɗan daga nan, a rubuta a doka cewa na binciken ruwayen cikin ƙasa ne, zai riƙe aikin.

Sannan ni ban ga dalilin da za mu zauna jiran Abuja ba. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya taso, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima a nan, ya wuce Argungu da Birnin Kabi ya faɗa Kwara. Kifin bai san an raba jiha a 1991 da 1996 ba. Me zai hana Sakkwato da Kabi da Zamfara su haɗa asusu ɗaya, su ba jami'o'in da ke yankin aikin, tunda ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa tun 1975 tana da masana kifi da gandun daji da likitocin dabbobi, ga ta Aliero, ga na Birnin Kabi da Gusau, ga kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa a New Bussa wadda ta faro tun 1968 da aikin tafkin Kainji tana da gogewar ƙirga jirage da komaye da abin da ake fitarwa. Muna alfahari da bikin Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, kuma ya cancanci alfahari. To amma bikin nan a kan giwan ruwa ya tsaya, kuma mun ga an yi wajen shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Ko kashi kaɗan na abin da ake kashewa a rumfuna da masaukin baƙi aka ware don nazarin ruwan Matan Fada da abin da ke ciyar da shi, ai bikin kansa aka yi wa tanadi.

Ɓangaren namun daji kuwa shi ya fi shan raini, don shi kifi ko ba komai ana cin sa. Amma ina tambayar duk wanda ya haura shekara arba'in a garin nan, yaushe rabonka da ganin angulu a mahauta? Muna yara ba a iya ƙirga su, a kan katanga, a kan bishiya, a juji, har korar su ake yi. Yanzu sai ka shekara ba ka ga ɗaya ba, kuma irin angulun nan tamu ta gari tun 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, a ƙasar nan kuma farautar ta don tsibbu da sa guba a mushe na cikin abin da ke cinye ta. Wani zai ce to sai me, tsuntsuwar ƙazanta ce. A Indiya an ga sai me. Daga shekarun 1990 angulayensu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, ba wanda ya san dalili, sai da masu bincike suka yi ta buɗe gawarwakin tsuntsayen kafin su gano cewa wani maganin ciwon jiki ne da ake yi wa shanu allurarsa, diclofenac, yake lalata ƙodar duk angulun da ta ci mushen. Aka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Kafin nan mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan sake suka yawaita da cutar haukan kare, har wani nazari ya ƙiyasta mutuwar mutum wajen rabin miliyan a cikin 'yan shekaru saboda rashin angulu. Mu da muke jihar kiwo, ga kasuwannin dabbobi kamar na Acida da Illela, ga magungunan dabbobi ana saida su a tire ba tare da likita ba, waye ke duba abin da ya kashe namu da abin da rashinsu ke jawo mana?

Akwai wanda ya fi wannan kusa da mu. A 2010 da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, daga baya mutanen wurin sun ce tun kafin yara su fara suma sun lura agwagi na ƙarewa a gari, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Da akwai wanda aikinsa ne a kai masa labarin mutuwar tsuntsaye ya ɗauki gawa ɗaya ya kai ɗakin gwaji, Allah kaɗai ya san yara nawa za su tsira. Haka murar tsuntsaye da ta fara bayyana a Afirka a wata gona a jihar Kaduna a 2006, haka tsuntsayen jan baki da ke sauka a gonakin shinkafa da gero kamar hadari, wanda ko jirgin feshi aka ɗauko sai an san inda suke kwana da inda suke sheƙa, in ba haka ba guba kawai za a watsa wa ruwa da mutane.

Kuma abin na gyaruwa in an tsaya masa. Maƙwabtanmu na Nijar, da ba su kai mu kuɗi ba, raƙuman dawan da suka rage a duk Afirka ta Yamma suna wajensu a yankin Kure kusa da Yamai, a tsakiyar shekarun 1990 sun ragu sun koma kamar 50, aka riƙa ƙirga su duk shekara ana sanin kowanne da zanen jikinsa, ana aiki da manoman wurin, yau sun haura 600. Mu kuwa dazuzzukan da aka keɓe, irin su Gundumi da Kuyambana, yanzu in an ambace su ba dabba ke zuwa ran mutum ba. Ban ce rashin masu bincike ne ya kawo 'yan bindiga ba, amma dajin da hukuma ta daina shiga, babu ma'aikacin gandu babu ɗalibi babu mai taswira, wani ne zai shiga ya san shi fiye da ita.

Su ma jami'o'in ina da magana da su, don ba zan nemi a ba su kuɗi in yi shiru a kan nasu ba. Da yawa daga binciken da ake yi don ƙarin girma ake yinsa, a buga da Turanci a mujallar da masunci ba zai taɓa gani ba. Ɗalibai sun sha zuwa mashaya su sayi kifi su yi tambayoyi su tafi, ba wanda ke dawowa ya ce Baba ga abin da muka gano. Ya kamata duk wanda aka ba kuɗin jama'a a sa masa sharaɗin ya koma wurin Sarkin Ruwa da mutanensa ya yi bayani da Hausa, ya shiga Rediyon Rima ya faɗa, ya bar lambobinsa inda na bayansa zai ɗora a kai maimakon kowa ya faro daga farko. Su kuma tsofaffin nan a ɗauke su malamai, don hana kamun kifi a wani gurbi har sai lokacinsa ya yi ba Bature ya koya mana ba, sarakunan ruwa na yin sa tun kaka da kakanni, kuma dokar da suka sa hannu a ciki ta fi wadda aka rubuto daga ofis kamuwa. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa tun 1992 take, je ka bakin gulbi ka tambayi mutum nawa suka taɓa jin ta.

Masu hali na garin nan ma ƙofa a buɗe take. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye a dajin Amurum da ke aiki da jami'ar garin, wadda tallafin gidan Leventis ya tsayar tun farkon shekarun 2000, ta yaye masana daga ƙasashen Afirka da dama. Mu da muke da hukumar zakka da wakafi, muka kuma san falalar ilimin da ake amfana da shi, me zai hana wani attajiri ya yi wakafin shaguna biyar ya ce kuɗin hayarsu na ƙirgar kifin Rima ne har illa masha Allahu? Abin da ake bukata ba wani abin tsoro ba ne: jirgi ɗaya mai inji, sikeli da allon awo, na'urar gwada ruwa, firiza mai sola, mai, da alawus na matasa 'ya'yan masunta da za su riƙa rubuta abin da aka fitar a mashaya biyar ko shida daga Goronyo zuwa Silame, wata bayan wata ba fashi.

Da ƙaramar sallah muka je gaida kawu da ƙanwar tawa. Ta ɗauko wani littafin rubutu mai ganye arba'in ta zauna gabansa a tabarma ta ce Kawu faɗa min sunan duk kifin da ka taɓa kamawa a ruwan nan. Ya gyara zama, ya fara jerowa yana nuna girman kowanne da hannu, gaiwa da ke shiga laka ta yi rani a ciki, minjirya mai jan mutum, tufi, kawara, falya, talibambam, yana faɗin watan da kowanne ke ɗaukar ƙwai da irin ruwan da yake so, har magariba ta yi ba su gama ba. Sun rubuta talatin da wani abu, a ciki ya sa ta yi alama a kan guda tara da ya ce ya fi shekara goma bai ga an fito da su ba. Da za mu tashi ya riƙe littafin yana juya shi duk da ba ya karatun boko, ya ce "to ɗiyata, wa za ki kai ma wagga takarda?" Ta ce Kawu tukuna dai. Tun daga lokacin duk ƙarshen wata take shiga mota da kuɗinta ta je mashayarsu da ruler da sikelin da ta saya, 'ya'yan kawu na fitowa daga ruwa tana aunawa tana rubutawa. Zuwa yanzu ta cika wata biyar, kuma kuɗin mota ya ƙaru sau biyu a tsakani.